Kabewa a Kan Teburin Miron

Duk wanda ya san Miron Fedik a Antwerp ya san abu biyu game da shi: ba ya fashin zuwa mashayar Rami ranar Lahadi, kuma ba ya cin kabewa. Ko a cikin miya aka ɓoye ta sai hancinsa ya tono ta, ya ture kwanon gefe ya ce ya ƙoshi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne, don amininsa Levko mai kiɗa ya daɗe da yaɗa shi. Tun Miron na saurayi, can ƙasarmu, a ƙauyensu kusa da garin Ternopil, ya sa kawunsa a gaba, suka ɗauki burodi suka je neman auren wata yarinya mai suna Stefa. A wajenmu in mace ta yarda, sai ta rataya wa wakilin saurayi doguwar tawul mai ɗinkin ja da baƙi, shi kuma saurayin ta ɗaura masa ɗankwali a damtse. In ba ta so, ba sai ta ɓata bakinta ba, kabewa kawai za ta ɗauko ta miƙa masa. Stefa kuwa ta zaɓo wadda ta fi kowace girma a gonar ubanta. Haka Miron ya rungumo ta ya ratso ƙauyen, mata na leƙe ta kan shinge, yara na biye da shi suna ihu. Kafin wata kakar ta zagayo ya bar garin. Ya yi aiki a Poland, ya yi a jiragen ruwa, ya ƙare a matsayin mai walda a tashar jiragen Antwerp. Shekara arba'in da wani abu, bai taɓa buɗe baki ya ce wa wata mace yana son ta ba.

Rami mashaya ce a ƙarƙashin wani tsohon gini a bayan tasha. Tana da suna na gaskiya, amma haruffan allon sun zube tun tuni, kowa Rami yake cewa. Matakalar santsi gare ta, ciki kuwa warin soyayyar albasa ne da tsohuwar giya da jiƙaƙƙun riguna. Teburan kusan duk rawa suke yi. Sakatar banɗaki ta lalace, in ka shiga sai ka yi ta waƙa don kada a turo maka ƙofa. Amma abincin, kai! Miyar borsh ja wur, ganyen kabeji naɗe da nama da shinkafa, da vareniki, 'yan ƙullin fulawa masu cikin dankali da ake zuba musu albasa da kirim mai tsami. Wannan duk aikin hannun Orisia ne, mai wurin, wadda mijinta ya rasu ya bar mata mashayar da ciwon baya. Bakinta kaifi gare shi, amma in ta zo kan kwanon Miron sai albasar ta ninka.

Shi kuma abin da ya iya ke nan: gyara. Famfo ya tsiyaya, Miron. Ƙafar murhu ta karye, Miron. Yana gamawa ya koma ɗan teburinsa na ƙarƙashin taga, inda ba a ganin komai sai ƙafafun masu wucewa, ya ce, da laƙabin girmamawa irin namu, "Na gode, Pani Orisia," ita kuma ta ce, "A ci lafiya, Pan Miron." Shekara da shekaru iyakar hirar ke nan. Ni dai abin yana ba ni haushi.

Ɗan ƙasar nan ɗaya ne tak a cikin 'yan Lahadi, wato Jef, tsohon direban taragon cikin gari. Ko kalma ɗaya ba ya ji a waƙoƙinmu, amma duk wadda aka rera sai ya yi hawaye. Yana da ɗan lambu a bakin layin dogo, kuma ba ya zuwa hannu rabbana: yau wake, gobe albasa, jibi kabeji, ya ajiye duk inda hannunsa ya gaji.

To, a farkon kaka Orisia tana goge teburin Miron sai ta ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, 'yarta da ke Kanada ta gyara mata ɗaki, ta ce ta sayar da wurin nan ta taho bayan sabuwar shekara.

"Me zai riƙe ni a nan?" in ji ta. "Waɗannan guragun teburan?"

Ta tsaya tana kallonsa, tsumma a hannu. Shi kuwa gogan naku ya dasa ido a cikin miya kamar a nan aka rubuta amsar.

Levko ne ya tare shi a waje ranar. Miron ne ya riƙe 'yar Levko ranar baftisma, tun daga nan suke kiran juna kum.

"Kum, kai fa jaki ne," Levko ya ce. "Mace ta buɗe maka ƙofa har bango, kai kana lissafin ganyen kabeji."

"Rabu da ni, kum. Na tsufa da wannan."

"Ka tsufa da me? Cin vareniki dai ba ka tsufa da shi ba. In ta hau jirgin nan, wa zai ninka maka albasa? Ni?"

Miron ya ce, a hankali, "In ta ba ni kabewa fa?"

"A Antwerp? A wannan zamanin? Haba, kum! Ka sayo burodi kawai, ni ne wakili."

"Wakilai biyu ake zuwa da su."

Levko ya daki tumbinsa. "Ga su nan duka biyun."

Suka tsayar da magana: Lahadi mai zuwa, in an gama zagayen kiɗa na farko, Levko zai ajiye akodiyonsa, ya karɓi burodin, ya je ƙofar kicin ya yi jawabin nan na iyaye da kakanni, cewa su mafarauta ne, sun biyo sawun wata dabba mai kyan gashi har gidan nan. Miron ya roƙe shi don Allah kada kowa ya ji kafin ranar. Levko ya rantse har da ɗaga hannu sama.

Ranar Lahadi da la'asar Miron ya sauko matakalar Rami sanye da kwat ɗin da ya saya don wata jana'iza, ga yankan reza a haɓa, ga burodi zagayayye naɗe da farin ƙyalle a hammata. An riga an fara. Levko na jan akodiyo yana matsawa kamar zugazugin maƙera, matarsa Darka na kan goge, wani dogon ɗan Sabiya na dukan ganga da goshi a murtuke. Wurin ya cika maƙil da ma'aikatan tasha, da direbobin manyan motoci, da matan da yaƙi ya koro da 'ya'yansu. Sai dai yau babu wanda ya yi masa ihun maraba. Duk wanda suka haɗa ido sai ya juya ya kama kallon kofinsa.

Sai da ya zagaye ginshiƙin tsakiya ya gani. A kan teburinsa, daidai tsakiya, ga wata ƙatuwar kabewa zaune, jawur da ita, har da guntun kara a ka.

Ya dubi Levko. Levko ya saki kiɗan ya bar Darka da mai ganga, ya matso yana gumi.

"Kum, a nan muka tarar da ita," ya ce cikin raɗa. "Ban iya taɓawa ba. Ba a ɗauke amsar mace."

"Amsar me? Wa ya tambaye ta?"

Levko ya sosa ƙeya. "Ka ga, Darka kaɗai na gaya wa."

"Levko!"

"Ita kuma Orisia kaɗai ta gaya wa. To ai gara a ji ta bakin mace tukuna, don kada a ji kunya a bainar jama'a. Ka yi haƙuri, kum. Tun safe ba ta fito daga kicin ba."

Miron ya gyaɗa kai. Ya gane, ko kuma dai ya ɗauka ya gane. Orisia mace ce mai mutunci, ba ta so ta miƙa masa hannu da hannu a gaban mutane, shi ya sa ta ajiye masa a mazauninsa. Ya ɗora burodin a kan kujera, ya sunkuya ya rungumi kabewar, don wanda aka ba shi ne ke ɗauka. Jama'a suka dare suka ba shi hanya. Wata tsohuwa ta yi alamar gicciye, wani direba ya cire hularsa kamar gawa ake wucewa da ita.

Ya hau matakala ɗaya, ya hau ta biyu. Nauyin dai shi ne, sanyin ɓawon a tafin hannu shi ne, har zuciyarsa ta fara tsara masa hanya irin ta da: ya ajiye aiki, ya tattara kaya, akwai tashar jirage a Rotterdam, akwai a Hamburg. Sai kuma ya tsaya cak. Wancan karon ko kalma bai ce wa Stefa ba, kawunsa ne ya yi magana, shi ya ɗauki kabewa ya gudu. Wannan karon ma haka za a yi? Orisia za ta tafi Kanada ba ta taɓa ji daga bakinsa ba, sai ta bakin Darka, wadda ta ji ta bakin Levko? Abin ya yi masa ciwo fiye da kunyar. A ƙasa Darka na ta jan gogenta a hankali, don ba ta san yadda za ta tsaya ba.

Miron ya juyo. Ya sauko, ya ratsa tsakiyar mutane da kabewarsa a ƙirji, ya tura ƙofar kicin da kafaɗa.

Tururi ya buge shi. Orisia na tsaye jikin murhu ta ba ƙofa baya, tana kankare wani abu a bango da farce, irin yadda 'yan mata ke yi in masu neman aure sun shigo. Ƙarƙashin rigar girkinta farar riga ce mai ɗinkin furanni, wadda ba ta sawa sai Ista. Ta juyo a hankali, da ɗan jan baki, da murmushi. Idonta ya sauka a kan kabewar, murmushin ya ɗauke.

"Mene ne wannan?"

"Pani Orisia, na zo ne in..."

"Ni? Ni ka kawo wa kabewa?" Ta dafe ƙirji. "Uwar Allah! A ina aka taɓa yin haka? A wane ƙauye? Namiji ya ɗauko kabewa ya kawo wa mace har kicin ɗinta, tun bai ma tambaya ba! In ka fasa ne, ba sai ka zauna a gidanka ba?"

"Ban fasa ba, ai taki ce..."

"Tawa ce! Yana ma maimaitawa! Tun asuba nake tsaye a nan kamar wata 'yar shekara sha bakwai, na sa jan baki, ni da jikoki, na ƙona albasa har kasko biyu, ashe abin da kake shirya min ke nan? Fita, Pan Miron. Fita kafin in kwaɗa maka ludayin nan!"

Ta kuwa ɗaga ludayin. Miron, wanda ba a taɓa jin muryarsa ta wuce teburi ɗaya ba, ya daka tsawar da ta sa ganga da goge suka mutu a waje.

"Ki saurare ni, Orisia!"

Ta tsaya, ludayi a sama.

"Na ga amsarki a kan teburina, na karɓa. Ba zan yi miki gardama ba. Amma ba zan fita daga nan ba sai na faɗa da bakina. Ina son ki. Tun ranar da kika zage ni a kan na shigo da taɓo a takalmi nake son ki. Famfon nan da nake ta gyarawa, sau ɗaya ya lalace da gaske, sauran duk ni nake zuwa in kwance in ɗaure don in tsaya kusa da ke. Ba ni da komai sai ɗaki biyu da hannuwan nan, gwiwata ma ta hagu ba ta da kirki. Ba na so ki tafi Kanada. Shi ke nan, na faɗa. Yanzu sai in ɗauki kabewarki in tafi."

Ludayin ya sauko a hankali. Orisia ta dube shi, ta dubi kabewar.

"Wace amsa? Wane teburi? Ni da tun safe ko leƙe ban yi ba?"

Ta fizgo aljihun teburin da take ajiye cokula, ta zaro wata doguwar tawul, ɗinkin ja da baƙi ya cika bakinta biyu, da wani ɗankwali mai furanni, ta watsa su a kan allon murza fulawa.

"Ga abin da na ajiye maka, sakarai! Tun bara nake ɗinkin nan, idona har ya fara mutuwa, ina jiran ka buɗe bakin nan naka. Na ce Kanada a gabanka, ka kama kallon miya!"

Miron ya ƙura wa tawul ɗin ido, kabewar na neman suɓuce masa.

Daidai nan aka turo ƙofa. Jef ne, fuska jawur saboda tuƙa keke, riƙe da kwandon albasa, a bayansa kuma kawunan rabin mashayar sun cunkushe a bakin ƙofa.

"A'a, kun gan ta!" ya ce da harshensu, yana washe baki. "Madam Orisia, tun da nake noma ban taɓa samun irinta ba. Ita na fara kawowa, na koma ɗauko albasa. A teburin Miron na ajiye, shi kaɗai ne ba ya rawa."

Gaskiya ne kuwa. Miron da kansa ya yi wa ƙafafun teburin walda.

Jef ya dubi wannan, ya dubi wancan. "Na yi wani laifi ne?"

Orisia ce ta fara. Dariyar ta taso mata tun daga ciki har sai da ta dafa murhu, hawaye na wanke mata kwalli. Daga nan ta bazu zuwa ƙofa, ta bi teburi teburi, har ɗan Sabiyan nan da ba a taɓa ganin haƙorinsa ba ya kifa kai a kan ganga. Wani ya ja Jef gefe yana yi masa bayani, bawan Allah ya dafe kai yana ta ba da haƙuri. Miron kuwa ya ajiye kabewar a ƙasa, ya zauna a kanta.

Levko ya kutso da burodin a hannu biyu, ya gyara murya, ya bubbuga ƙasa da ƙafa.

"Salama ga gidan nan! Mu mafarauta ne daga ƙasa mai nisa. Dusar ƙanƙara ta sauka, muka ga sawun wata dabba mai kyan gashi, muka biyo..."

"Dabbar ta gaji da jira, Levko, miƙo burodin," in ji Orisia. "Kai ma da bakinka kamar kwando."

Ta karɓa ta sumbaci burodin. Ta rataya wa Levko tawul ɗin daga kafaɗa, ta nemi ɗaurewa a ƙugu, bakin biyu suka ƙi haɗuwa.

"Tsuke tumbin!"

"Iyakarsa ke nan, Pani Orisia. Ai na gaya masa mu biyu ne."

Sannan ta juyo wajen Miron. Ya miƙe tsaye. Ta ɗaura masa ɗankwalin a damtse, ta ja ƙullin da ƙarfi, hannunta bai bar wurin ba.

"Anjima zan kira 'yar tawa a Kanada," ta ce, murya ƙasa ƙasa. "Ta zuba kayanta a ɗakin da ta gyara min, ba inda zan je. Ka ji, Mironku?"

Bai taɓa jin sunansa haka a bakin kowa ba tun rasuwar mahaifiyarsa. Ya gyaɗa kai kawai.

Orisia ta ce, "To, kuka ya isa. Ga wuƙa. Wannan abar da ta kusa raba mu ba za ta kwana a gidan nan ba."

Ya cire kwat ya naɗe hannun riga. Shi ya fasa ta, shi ya kwashe 'ya'yan, shi ya fere, Jef na taya shi yana ci gaba da ba da haƙuri. Orisia ta ɗora babbar tukunya, ta zuba madara da gero da man shanu. A waje Levko, da tawul ɗinsa a rataye, ya saki kiɗan biki, aka ture guragun teburan jikin bango, tsofaffi da yara suka shiga rawa har ƙasa na girgiza.

Fitilun titi na kamawa aka fara rabo. Kowa ya samu, har wasu matuƙan jirgi biyu da kiɗa ya jawo su daga waje. Kwano na ƙarshe Orisia da kanta ta kawo teburin ƙarƙashin taga, ta ajiye a gaban Miron, ta jawo kujera ta zauna kusa da shi, abin da ba ta taɓa yi ba. Faten na tururi, man shanu na narkewa a tsakiya. Levko ya ɗaga hannu, kiɗa ya tsaya, mashayar duka ta zuba masa ido.

"Kum, in ba za ka iya ba, miƙo nan," in ji Levko.

Miron ya ɗauki cokali. Ya ɗebo, ya hura, ya kai baki. Ya daɗe yana juya shi a kan harshe, idonsa ya ciko.

"Yaya?" Orisia ta tambaya.

"Ashe haka take da zaƙi," ya ce. "Duk shekarun nan."

Ya share kwanon tas, ya goge da ɓawon burodin neman aurensa, sannan ya tura mata shi.

"Akwai saura a tukunya?"